Bayan Saki: Riƙon Yaro na Uwa Ne, Ciyar da Shi na Uba

A garuruwanmu da yawa, da zarar aure ya mutu kuma an yaye yaro, sai uba ya aiko a ɗauko masa ɗansa, yana ganin babu mai ja da shi a kan haka. Idan uwar ta hana, sai ya janye hannunsa daga abinci da magani da kuɗin makaranta, ya ce tunda ta riƙe, to ta ciyar. Wannan ɗabi'a ta yi jijiya har wasu suna zaton hukuncin addini ce, alhali kuwa shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duk sun saɓa mata.

Mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a a arewacin Najeriya suke hukunci da ita, ta bambanta riƙo da ciyarwa. Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ɗalibai suka daɗe suna karantawa a zaurukan malamanmu, ta bayyana cewa riƙo bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta auri wani, riƙon yana komawa ga kakar yaron ta wajen uwa, sannan ga 'yar'uwar uwar, tun kafin a zo kan dangin uba. Ci da sha da tufafi kuma suna wuyan uba ko a ɗakin wa yaron yake kwana, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora masa. Walicci yana nan a hannunsa, shi ke lura da karatun yaron da tarbiyyarsa, amma walicci bai ba shi damar raba yaro da uwarsa ya miƙa wa kishiyarta ba.

Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta ba shi damar neman ciyarwa daga iyayensa a gaban kotu gwargwadon ƙarfinsu. Jihohi ne ke amincewa da ita ɗaya bayan ɗaya, Kano ma sai a 2023 ta samu tata. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ita ma ta wajabta wa iyaye sa yaro a makaranta na shekara 9, sai dai tarar da ta yanka wa wanda aka kama da ƙin yin haka a karo na biyu naira 2,000 ce, kuɗin da a yau bai taka kara ya karya ba.

Na san akwai uban da talauci ne ya ɗaure masa hannu, kuma shari'a ba ta ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Akwai kuma uwar da take hana uba ganin ɗansa, ko ta ɗora wa 'yarta talla da sunan neman abin sawa a baki, wannan ma zalunci ne. Amma wanda ya iya haɗa lefen sabuwar amarya wata uku bayan saki ba shi da hujjar cewa ya kasa ciyar da 'ya'yan tsohuwar.

Abin da ke karya gwiwar zawarawa shi ne jeka-ka-dawo a kotu, ga kuma kunyar a ce mace ta kai uban 'ya'yanta ƙara. Saboda haka ya kamata alƙali ya yanka kuɗin ciyarwa a zaman da ya tabbatar da saki, ba tare da jiran uwa ta shigar da wata ƙara ba, a riƙa sake duba adadin idan kaya suka yi tsada, ma'aikacin gwamnati kuma a cire daga albashinsa kai tsaye duk ƙarshen wata.