Na biya kuɗin sabis, na sayo wulaƙanci

Ranar Asabar na ɗora janaretan shagona a adaidaita sahu na kai wa makaniken bakin titi ya yi masa sabis. Ba wani babban aiki ba ne: a juye baƙin mai, a wanke kafireta, a goge fulogi, a wanke soson iska. Na biya dubu bakwai har da kuɗin mai. Kwana uku kacal, ina tsaka da ɗinkin kayan biki, inji ya yi tari ya mutu. Na ja igiya har kafaɗata ta sage.

Da na kwance murfin, wallahi soson nan yana nan yadda na kai shi, ƙura ta daskare a jikinsa kamar laka. Fulogi baƙi ƙirin. Na tsoma yatsa a mai, ya fito kamar kwalta.

Na koma na same shi zaune a kan benci yana danna waya. Na yi sallama, ko kai bai ɗago ba. Na ce, "Ɗana, me ka yi wa injin nan?" Ya ce, "Baba, man 'yan bumburutu kake zuba masa." Na miƙa masa soson a tafin hannuna na ce, "Wannan ma fetur ne ya hana ka wanke shi?" Ya kalli yaransa, suka tuntsire da dariya. Sannan ya ce, "To Baba, tunda ka iya, me ya kawo ka? Akwai masu jira." Yaron da na haifi kamarsa! Na tsaya riƙe da soso, bakina ya kasa furta komai.

Wa ya ba shi wannan bakin in ba waɗanda suka bar mu a duhu ba? Shekara goma sha biyu ina ciyar da wannan inji kamar ɗan da na haifa. Bayan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 sai da ta kai dubu a 2024. A Oktoban 2024 Arewa ta fi mako guda babu wuta, amma takardar kuɗin wuta ba ta taɓa makara ba. Masu mulki da manyan injinansu na dizal ba su taɓa tsugunnawa suna hura fulogi da baki ba.

Kayan amarya na nan jibge a kan keke, biki jibi, kuma yau ma ba a kawo wuta ba.