Sunan Gida Ba Jari Ba Ne

Assalamu alaikum, ƙannena da 'yan'uwana matasa.

Kwanakin baya a layin cirar kuɗi wani yaro, da ƙyar ya kai shekara ashirin da biyu, ya tsallake mu ya wuce gaba. Wani dattijo ya yi masa magana cikin lalama, sai ya juyo ya ce, "Baba, ka san ko ni ɗan gidan wa ne?" Ya ambaci wani babban gida. Dattijon ya dube shi ya ce, "Na san kakanka, yaro. Shi bai taɓa tambayata haka ba." Layin ya yi tsit.

Tun ranar abin yake cina, domin ba shi kaɗai ba ne. Ku duba Facebook. Kowa ya liƙa wa sunansa wutsiya: jikan wane, jinin wane, ɗan gidan wane. Wasu gaskiya jinin ne, wasu kuma kakarsu ce ta taɓa zama maƙwabciyar gidan. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Bari mu ɗauki suna ɗaya da babu Bakanon da bai san shi ba: Dantata. Suna ne da za ka gani a jikin motocin aikin hanya na Dantata & Sawoe, ka ji shi a bakin direban Abuja yana cewa "gadar Dantata", ka shiga Koki da Sarari a Kano a nuna maka gidajen zuri'ar. To amma mutum nawa cikinmu ne suka san daga ina kalmar ta fito?

An haifi Alhassan Dantata, tushen gidan, a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, mutanen da fatauci ne gadonsu. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙaramin yaro. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ta tafi Akara ta ƙasar Gana neman na kanta, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ita ta raine shi, shi ya sa aka riƙa ce masa ɗan Tata. Ku sake karanta wannan. Sunan da yau ake buɗe ƙofofin ofisoshi da shi, asalinsa sunan baiwa ne da aka laƙaba wa maraya. Babu sarauta a cikinsa, babu mulki. Ya yi almajirci, ya ci kwanon bara kamar kowane almajiri na zamaninsa, ga kuma Yaƙin Basasar Kano na 1893 da ya rutsa da mutanen Bebeji yana saurayi.

Daga nan ya bi hanyar Gwanja, fataucin goro. Abin da ya bambanta shi da sauran fatake shi ne ido. Wasu suna nan suna bin tsohuwar hanyar jakuna ta wata da watanni, shi kuwa ya fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, ya zama babban dillalin kamfanin Turawa, ya baza yaransa ƙauyuka da kuɗin saye. Dalar gyaɗa da muke gani a tsofaffin hotuna, wadda guda ɗaya kan ci buhu 15,000, da guminsa a ciki. A 1929 da aka buɗe reshen banki a Kano, kuɗin azurfa ya kai ajiya a kan raƙuma 20. Lokacin da ya rasu a watan Agustan 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Allah ya jiƙan maza.

Dalar gyaɗar fa? Ta tafi. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 da zuwan kuɗin man fetur suka share ta, filayen suka zama gine-gine. Da a ce sunan a jikin buhunan yake rataye, da ya bi su. Abin da ya riƙe shi shi ne 'ya'yan sun tashi sun yi nasu. Sanusi ya riƙe kasuwa da sufuri. Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya shiga gine-gine da masana'antu, ya yi ta hidima da makarantu da asibitoci har ya rasu a watan Yunin 2025, aka kai shi Madina aka binne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, amma sai ɗan ya miƙe ƙafa tukuna.

Wani abin lura kuma: wanda ya fi shahara a zuri'ar yau ba ma ya amsa sunan. Aliko Dangote ɗan Hajiya Mariya ne, 'yar Sanusi Dantata. Ba na musun cewa gidan ya ɗaga shi, jarin farko ma daga kawunsa ya samu. Amma jari nawa aka ba 'ya'yan masu kuɗi a wannan gari ya ƙare a mota da biki? Matatar man Dangote da ke Lekki ba ta ɗauke da sunan kakan uwarsa.

Ku da kuka fito daga manyan gidaje, bashi ne a wuyanku. Duk rashin kunyar da ka yi a titi ba kai ake zagi ba, mutumin da ke kabari ake tonowa. Annabi (SAW) ya faɗa cewa wanda aikinsa ya jinkirtar da shi, nasabarsa ba za ta gaggauta da shi ba. Ku kuma da kuke jin kunyar faɗin sunan mahaifinku domin manomi ne ko ɗan dako, har kuna aron na wani, ku ji tsoron Allah. Danganta kai ga wanda ba ubanka ba babban zunubi ne, ba ado ba. Sunayen da muke girmamawa ma da yawa na garuruwa ne da makarantar boko ta liƙa wa yara: Tafawa Ɓalewa gari ne a Bauchi, Shagari ƙauye ne a Sakkwato. Mutanen ne suka sa wa sunan nauyi.

Ni kaina sai bara na zauna da gwaggona na tambaye ta asalin laƙabin gidanmu, wanda na daɗe ina ɓoyewa a makaranta saboda tsokanar abokai. Ta yi dariya ta ce kakanmu majemi ne, shekara arba'in yana jima a bakin marina, hannunsa bai taɓa rabuwa da warin fata ba. Da wannan sana'ar ya aurar da 'ya'ya tara, ya je Makka ta ƙasa. Ta tashi ta shiga ɗaka ta ɗauko mini wuƙarsa ta kankarar fata, tana naɗe a tsumma, ta ce in riƙe, tunda ni ne na fara tambaya.