An ɓata mana Elizabeth

Tun 1813 Jane Austen, marubuciyar Ingila, ta aurar da Elizabeth ga Darcy ta rufe labarinsu a littafinta Pride and Prejudice, amma har yau ba a bar mutanen nan sun huta ba. Jiya na karanta wani littafi da aka ce ci gaban Pride and Prejudice ne, raina ya ɓaci sosai.

Marubuciyar sabon littafin ba ta gane abin da ke riƙe da labarin ba. Gidan Bennet, wato gidan su Elizabeth, 'ya'ya mata biyar ne, babu namiji, kuma sharaɗin gado ya ɗaure Longbourn, gidan da suke zaune, ga namiji, wato Collins, wani ɗan'uwan uban. Ranar da uban ya cika, uwa da 'ya'ya sun rasa matsuguni. Wannan fargabar ce ke sa uwar rawar jiki kan aure. A sabon littafin kuwa kuɗi ba ya damun kowa, sai rigunan siliki da kallon-kallo a wajen rawa. Budurwa ta shiga keken doki da saurayi cikin dare, ba wanda ya ce uffan! A zamanin da guduwar Lydia, ƙanwar Elizabeth, da wani soja mai suna Wickham ta kusa zubar da mutuncin gidan kaf?

Elizabeth mai kaifin harshe ma an mai da ita sarkin kuka. Ban kai rabi ba na rufe shi.