Hukuncin riƙon yara da bai wuce layi biyu ba

Zangon karatu ya kama, harabar kotunan shari'a ta sake cika da zawarawa riƙe da takardar kuɗin makaranta. Abin takaicin shi ne da yawansu sun riga sun yi nasara a shari'ar. Alƙali ya ce riƙo na uwa ne, uba ya riƙa ba da kuɗin ciyarwa duk wata. Iyakar abin da aka rubuta ke nan, kuma daga nan rigimar take farawa.

Bari in fara da masu cewa "ɗa ai na uba ne", waɗanda ke aiko ƙanwarsu ta ɗauke yaro ranar da aka yaye shi, ko da zarar ya kai shekara 7. Wannan al'ada ce, kada a jingina ta ga mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke hukunci da ita. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta faɗa ƙarara: hadana, wato riƙon yara, bayan saki ta uwa ce, namiji har ya balaga, mace har a yi mata aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙo ya koma wurin kakar yaron ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwar. Uba yana can baya a layi. Nasa shi ne walicci da ɗaukar nauyi: ci, sutura, magani, karatu da wurin kwana.

To amma sanin hukunci daban, rubuta shi daban. A ce an yanka wa uba naira 15,000 a 2022. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kwanon shinkafa da kuɗin adaidaita suka yi tashin gwauron zabo, takardar kotu kuwa tana nan yadda take. Ba a faɗi ranar biya ba, sai ya kawo ran 5 ga wata yau, ran 28 gobe. Ta hannun ɗan aike ake miƙawa babu rasit, in an dawo gaban alƙali ya ce ya bayar, ta ce ba ta gani ba, a koma neman shaidu. Kuɗin makaranta, na asibiti da kayan sallah duk an cusa su cikin kalmar "ciyarwa", kowa da fassararsa.

Ziyara ta fi komai lalacewa. Hukunci bai ce wace rana ba, bai ce wa zai kawo, wa zai mayar ba, bai raba ƙaramar sallah da babba ba. Uban kirki sai a bar shi tsaye a ƙofar gida ana ce masa yara sun yi barci. Mugun kuma ya karɓe su da sunan hutu, ya sauya musu makaranta, uwa ta koma yawon sammaci.

Masu cewa a bar komai ga sulhun dattawa don kotu tonon asiri ce, su gaya mana wane dattijo ne ya taɓa tilasta wa uba biyan kuɗin zango.

Alƙalan alƙalai na jihohi suna iya fitar da tsari guda da kowace kotu za ta cike: adadi, ranar biya, asusun banki ko ofishin magatakarda, jadawalin hutu da sallah, da sake duba kuɗin duk shekara. Wanda ya tsallake wata biyu a kira shi ba sai matar ta sake biyan kuɗin ƙara ba.