Ba kowane ninki ne ke ɗaukar kaya ba

Jama'a, hotunan rumfunan zamani masu kama da ninkakkiyar takarda sun cika intanet, kowa sai son barka yake. Ni kam da yawansu ba sa burge ni, don kwalliya ce zalla.

Ku gwada wannan. Ku ɗora fallen takarda tsakanin kofi biyu, nan take zai lotsa tun ba a aza masa komai ba. Ku ninke shi gaba da baya har ya yi tudu da kwari kamar kunyoyin gona, ku mayar. Yanzu zai ɗauki biro da makulli ba tare da ya rusuna ba. Kaurin takardar bai ƙaru ba, ninkin ne ya ba ta ƙarfi. Abin da masu zanen gini suka aro daga origami, fasahar ninke takarda ta Japanawa, ke nan, kuma tun shekarun 1920 malamin zane Josef Albers yake sa ɗalibansa ninke takarda a makarantar zane da gini ta Bauhaus da ke Jamus, don su gane haka da hannunsu.

Inda aka yi abin da gaskiya, sai ka sara. A 2008 an gina wata ƙaramar majami'a ta wucin gadi a Saint-Loup, ƙasar Suwizalan, da allunan katako da aka haɗa a ninke. Babu ginshiƙi a tsakiya, bango da rufi su ne ke riƙe da kansu. A Abu Dhabi kuwa, tagwayen benayen Al Bahr na 2012 suna sanye da wasu laimomi masu kusurwa uku da kwamfuta ke buɗewa da rufewa gwargwadon inda rana take. Can ninkin inuwa yake samarwa, yana rage wa na'urar sanyaya ɗaki wahala.

To amma je ka leƙa bayan wasu rumfunan baje kolin. Ƙarafa ne jibge, an yi musu walda, sannan aka lulluɓe su da falankin alminiyom mai kusurwoyi. Ƙarfen ke ɗaukar nauyi, ninkin yana ɗaukar hoto. Wai origami! An kashe kaya fiye da na rumfa mai ginshiƙi huɗu, alhali dalilin ninki tun farko shi ne a rage kaya.

Ban ce a daina gwaji ba. Rumfa ita ce wurin da ya dace da shi, tunda ba mai kwana a ciki, kuma 'yan watanni take yi a kwance ta. Haka aka yi da wadda mai zanen gini Daniel Libeskind ya zana wa gidan baje kolin zane-zane na Serpentine a Landan a 2001. Matsalar tana tasowa ne in aka ɗauko salon aka kai ginin dindindin, domin kowane ninki mahaɗa ce, kuma ruwan sama mahaɗa yake nema. Majami'ar makarantar sojan saman Amurka da ke Colorado, mai tsinaye 17, wadda aka kammala a 1962, kyakkyawa ce ta ƙarshe, amma ta shekara da shekaru tana yoyo, har aka rufe ta a 2019 don gagarumin gyara.

Don haka duk wanda ya turo mini hoton irin wannan rumfa, ya haɗo da hoton cikinta, in ga abin da ke riƙe da rufin da kuma inda ruwa zai bi.