Ranar da kowane faifai a kwamfutata ya amsa sunan filashi

Na yanke shawarar harhaɗa Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, da hannuna, manhaja bayan manhaja, a kan wata tsohuwar kwamfutar cinya da ƙanena ya daɗe yana roƙon in bar masa, kuma aikin ya yi ta tafiya lafiya har ranar da na iso kan udev. Ita ce manhajar da Greg Kroah-Hartman ya fara a shekarar 2003, kuma matsayinta a cikin tsarin ya yi kama da na liman a wajen suna. Kanel, wato zuciyar tsarin, shi ne ke shelar cewa an sami ƙaruwa duk lokacin da aka jona wata na'ura, ita kuwa udev ta saurari shelar, ta duba dokokinta, ta raɗa wa baƙuwar suna a cikin /dev, wato ma'ajiyar sunayen na'urori, ta kuma ƙayyade wanda ke da izinin taɓa ta. Tun 2012 aka haɗe ta da systemd, babbar manhajar da ke tayar da sauran manhajoji lokacin kunnawa, don haka na ɗauko eudev, reshen udev da mutanen Gentoo, masu wani nau'in Linux, suka ɓalle da shi a wannan shekarar, saboda na ɗauki kaina cikin masu ra'ayin kansu.

Ginin bai ba ni wata wahala ba, in ban da tsayawar da configure, wato umarnin share fagen gini, ta yi tana cigiyar wata 'yar manhaja mai suna gperf, wadda ban taɓa jin sunanta ba sai ranar. Na samo ta, na buga make, umarnin ginin kansa, rubutu ya yi ta kwarara a allo, ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar ina fahimta. Da make install ta kammala, na kira ƙanena ya zo ya shaida, na sake kunna kwamfutar.

Fuskar shiga ta fito tsaf, da gurbin suna da na kalmar sirri, sai dai madannai sun ƙi motsi, linzami ma ya kafe a tsakiyar allo kamar ƙusa. Na danna kowane maɓalli, har da waɗanda ban san amfaninsu ba, amma shiru. Ƙanena ya leƙa ya ce, "Yaya, ai ta yi kyau, sai dai a riƙa kallonta." Babu abin da ya rage mai aiki sai maɓallin kashewa. Daga baya na gane cewa na gina liman, na yi masa ɗinki, amma ban aika masa goron gayyata ba: ban rubuta umarnin da zai tayar da udevd, ɓangaren udev mai sauraren shela, lokacin kunnawa ba. Da na rubuta shi ma ba a rabu da bukar ba, domin madannai da linzami sun riga udevd farkawa, an yi shelarsu tun kafin ta iso, kuma dole a buga udevadm trigger domin kanel ya maimaita shelar daga farko. Wannan ilimin ya ci mini dare guda.

Washegari intanet ce ta ɓace, saboda na saita komai da sunan eth0, tsohon sunan katin sadarwa, alhali tun daga siga ta 197 udev kan laƙaba wa katin sadarwa suna gwargwadon mazauninsa a jikin kwamfuta, nawa kuwa ya koma enp3s0, suna mai kama da lambar mota. Wannan na gyara shi cikin minti biyar, kuma daga nan ne girman kai ya shige ni.

Na ce tunda na iya, bari in rubuta dokar kaina a /etc/udev/rules.d, wadda za ta sa filashina ya riƙa amsa sunan /dev/filashi a duk ramin da na soka shi, maimakon yau ya zama sdb gobe ya zama sdc. A harshen udev, alamar daidai guda biyu tambaya ce, ma'anarta "idan lambar na'urar ita ce kaza", guda ɗaya kuwa umarni ne, ma'anarta "daga yau lambarki kaza ce". Ni kuwa a wajen ID_SERIAL, wato gurbin lambar na'ura, guda ɗaya na sa. Saboda haka dokar da na nufa ta tantance filashi ɗaya tilo, sai ta bi duk wani faifai da ke cikin kwamfutar ta ba shi lambar filashina da sunansa, kamar limamin da ya shiga unguwa ya raɗa wa kowane jariri suna ɗaya. Udev ba ta yi mini gardama ba, domin a nahawunta jimlar tawa ba ta da aibu, kuma a ganina wannan biyayyar tata ta fi taurin kai haɗari.

Ban san da haka ba, na tashi goge filashin domin in zuba masa sababbin fayiloli, na buga mkfs.ext4, umarnin da ke goge faifai ya sake tsara shi, a kan /dev/filashi cikin natsuwar gwani. Umarnin ya ƙi, ya ce tsarin yana amfani da wannan faifan. Har na fara neman yadda zan tilasta masa, sai wani abu ya ce mini in duba inda sunan yake nuni tukuna. Yana nuni ne ga sda, babban faifan da ke ɗauke da aikin mako uku da hotunan bikin ƙanwarmu, filashin kuwa ashe yana cikin aljihun rigata, ban ma jona shi ba.

Na ƙara alama ɗaya a dokar, na buga udevadm control --reload, na sake kunna kwamfutar, sannan na jona filashin ya amsa sunansa shi kaɗai. Ƙanena, wanda ya ga lokacin da gumi ya keto mini, ya tambaya cikin ladabi ko yanzu zan bar masa kwamfutar. Na ce masa ya dawo bayan na gama da na'urar sauti, wadda har yanzu ba ta ce uffan ba.