Manchester United: An ci moriyar ganga

Fam 40,000 a shekara. Abin da Manchester United ta saba bai wa ƙungiyar tsofaffin 'yan wasanta ke nan, kuma shi ne abin da mutanen Sir Jim Ratcliffe, attajirin da ya sayi hannun jari a kulob ɗin ya karɓi ragamar harkokin ƙwallonsa, suka ga ya yi wa aljihun kulob ɗin nauyi har suka datse shi, kamar yadda jaridun Ingila suka bankaɗo a Disambar 2024. Wata uku bayan nan, a Maris ɗin 2025, sai ga Ratcliffe gaban 'yan jarida yana nuna zanen sabon filin wasa mai ɗaukar mutum 100,000 da za a kashe wa kimanin fam biliyan 2. Duk yadda mutum ya kai ga iya lissafi, waɗannan alƙaluma biyu ba sa zama a kai ɗaya.

Amsar da ake bayarwa kowa ya ji ta. Wai kulob na asara, dole a tsuke bakin aljihu. Ratcliffe da bakinsa ya ce da ba a yi hakan ba da kuɗi sun ƙare kafin ƙarshen 2025. To, sai mu duba ta inda kuɗin ke zurarewa. A Yulin 2024 aka tsawaita kwantiragin koci Erik ten Hag, a Oktoba aka kore shi, sallamarsa da ta mataimakansa ta lashe fam miliyan 10.4. Dan Ashworth, daraktan wasannin da aka yi wata da watanni ana zawarcinsa daga Newcastle, wata biyar kacal ya yi aka raba gari, ɗaukarsa da sallamarsa suka ci fam miliyan 4.1. Kuɗin Ashworth kaɗai ya isa a biya tallafin tsofaffin 'yan wasa na shekara 100 har a yi ragowa. Kuma wannan ɓarna ba za a jingina ta ga iyalan Glazer ba, duk da su suka ɗora wa kulob ɗin bashi tun da suka saye shi a 2005. Aikin sababbin masu gyara ne, waɗanda suka shigo a Fabrairun 2024 da alƙawarin kawo tsari.

Ban zubar da hawaye ba da aka soke aikin jakadancin tsohon koci Sir Alex Ferguson na kusan fam miliyan 2 a shekara. Mutumin da ya ci gasar Firimiya sau 13 ya cancanci a girmama shi, amma yunwa ba za ta kwana a gidansa ba. Haka Wayne Rooney mai ƙwallo 253, haka Ryan Giggs mai wasa 963. Masu cewa ai tsofaffin 'yan ƙwallo duk attajirai ne, waɗannan suke hangowa, kuma da jin maganarsu ka san tarihin United a wurinsu daga 1992, shekarar da aka fara gasar Firimiya, ya faro.

Ƙungiyar da aka yanke wa tallafi an kafa ta ne a 1985 domin wasu mutane daban, waɗanda suka buga ƙwallo kafin kuɗin talabijin ya malalo. Har zuwa Janairun 1961 akwai doka a Ingila da ta ƙayyade albashin ɗan ƙwallo, komai gwanintarsa ba zai wuce fam 20 a mako ba. Ko bayan an soke dokar, an daɗe kafin ƙwallo ta zama sana'ar da mutum zai yi shekara 10 ya huta har ƙarshen rayuwarsa. Bill Foulkes, ɗan bayan da ya buga wa United wasa 688, yana aikin haƙar kwal a lokacin da ya fara buga wa kulob ɗin, ya fito daga rami ya tafi atisaye. Irin waɗannan mutane ne suka gina sunan da yau ake bugawa a riga ana sayarwa daga Asiya har Amurka.

A tsaya a kan ranar 6 ga Fabrairun 1958, domin duk abin da United ke taƙama da shi daga nan ya samo tushe. Tawagar koci Matt Busby na dawowa daga Belgrade, jirgi ya tsaya shan mai a Munich ta Jamus, a yunƙurin tashi na uku ya kasa ɗagawa saboda narkakkiyar dusar ƙanƙara a kan titin jirgi, ya fasa shinge ya daki wani gida. Mutum 23 suka mutu, takwas daga ciki 'yan wasa: kyaftin Roger Byrne, Tommy Taylor, Eddie Colman, Mark Jones, David Pegg, Geoff Bent, Liam Whelan, sai Duncan Edwards da ya yi kwana 15 a asibiti kafin ya cika yana ɗan shekara 21. Mai tsaron raga Harry Gregg ya fito da ransa, ana ihun a gudu jirgi zai fashe, shi kuwa ya koma cikin tarkacen ya ɗauko wata jaririya, ya sake komawa ya fito da uwarta, ya janye Bobby Charlton da Dennis Viollet daga kusa da wuta. Kwana 13 bayan haka Gregg da Foulkes suka sa riga suka fito fili a Old Trafford, gidan United, suka kara da Sheffield Wednesday a gasar cin kofin FA. Takardar shirin wasan ranar, gurbin sunayen 'yan United fanko aka bar shi, don babu wanda ya san wa za a samu ya buga. Suka ci 3-0.

Wannan ɓangaren labarin kulob ɗin na son a maimaita shi, kuma duk shekara ana taruwa ƙarƙashin agogon Munich, wanda aka kafa a Old Trafford don tunawa da hatsarin, a yi shiru na minti ɗaya. Akwai ɗaya ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Johnny Berry da Jackie Blanchflower sun tsira daga hatsarin, amma raunukansu suka hana su sake taka leda har abada. Suna zaune ne a gidajen kulob, sai aka nemi su tashi da iyalansu don a saka sababbin 'yan wasa. Gregg kansa bai taɓa rataya lambar zakara ko ɗaya da United ba, rauni ya hana shi buga wasan ƙarshe na kofin FA a 1963, kuma sai a 2012 kulob ɗin ya je Belfast ya buga masa wasan karramawa, shekara 54 bayan Munich. Saboda haka abin da mutanen Ratcliffe suka yi ba baƙon abu ba ne a Old Trafford. Tsohon hali ne da aka yi zaton an tuba an bari.

Shekara 10 bayan hatsarin, a Mayun 1968, United ta doke Benfica 4-1 a Wembley ta zama kulob ɗin Ingila na farko da ya ɗauki kofin Turai. Charlton ya ci biyu, George Best ɗaya, Brian Kidd ɗaya a ranar da ya cika shekara 19. Foulkes, wanda da wuya ya haura tsakiyar fili, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Real Madrid a wasan kusa da na ƙarshe. Wanda aka ɗora wa tsare Eusébio, gwarzon Benfica, a Wembley kuwa Nobby Stiles ne, gajeren mutum mai giɓi wanda ba ya gani sosai sai da tabarau. A 2010 Stiles ya kai lambobinsa kasuwar gwanjo, ta kofin duniya na 1966 da ta kofin Turai na 1968, don ya bar wa iyalinsa wani abu. United ta saye su a kan sama da fam 200,000 ta ajiye a gidan tarihinta, inda baƙi ke biyan kuɗi su shiga su kalla. An yaba wa kulob ɗin a lokacin. Ni abin da na gani shi ne gwarzon da sai da ya sayar da shaidar gwanintarsa kafin ya ga kuɗin kirki daga wurin da ya yi wa bauta shekara 11.

Stiles ya mutu a Oktoban 2020 da cutar mantuwa. Charlton, mai wasa 758 da ƙwallo 249, ya mutu a Oktoban 2023 da ita. Denis Law, wanda ƙwallo 46 da ya ci a kakar 1963-64 har yau ba a kamo shi ba a kulob ɗin, ya sanar da cewa yana fama da ita a 2021, ya mutu a Janairun 2025, makonni kaɗan bayan labarin yanke tallafin ya fito. Gordon McQueen, ɗan bayan da ya yi suna wajen buga ƙwallo da ka, shi ma ita ce ta kwantar da shi kafin mutuwarsa a 2023. Binciken Jami'ar Glasgow na 2019 ya nuna tsofaffin 'yan ƙwallo sun ninka sauran jama'a kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Ƙwallon fata ta wancan zamani in ta sha ruwa nauyi take ƙarawa, kuma haka suke sa mata kai a atisaye da wasa, shekara da shekaru. Ciwo ne da aka kwaso a bakin aiki. In manyan da duniya ta sani haka suka ƙare, ina ga wanda ya buga wasa 30 ya karye a gwiwa ya koma tuƙin mota?

A nan ne nake rabuwa da yadda ake ƙirga gwarazan kulob. An kafa wa Best da Law da Charlton mutum-mutumi a gaban Old Trafford a 2008, kuma sun cancanta, ai ba kowane kulob ne ya taɓa haɗa masu kyautar Ballon d'Or uku a tawaga ɗaya ba: Law a 1964, Charlton a 1966, Best a 1968. Amma tagulla ba ta zuwa asibiti, ba ta biyan kuɗin haya, ba ta neman kuɗin jana'iza. Girmama mutum uku da aka zaɓo yana da arha, kuma yana kawo riba, don kowane baƙo sai ya tsaya ya ɗauki hoto kafin ya wuce kantin riguna. Mai tsada shi ne kula da sauran ɗaruruwan da suka ba su ƙwallon da suka ci, suka tare musu baya, suka sha duka a madadinsu. Ga shi ma tsadar ba ta taka kara ta karya ba, fam 40,000 ce, kuɗin da wasu 'yan wasan yanzu ke samu kafin kwana biyu su cika suna zaune a benci.

Wasu za su ce kulob kamfani ne, ba gidan sadaka ba. Kamfanin da ba shi da hajar da ta wuce tarihinsa bai isa ya faɗi haka ba, musamman a shekarun da ƙwallon da yake bugawa ba ta sayuwa. Wasu kuma su ce aikin ƙungiyar 'yan wasa ta PFA ne, wadda ta haɗa hannu da hukumar Firimiya suka buɗe asusun lafiyar ƙwaƙwalwa da fam miliyan 1 a 2023. Ai ba rigar PFA Stiles ya saka a Wembley ba.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne wanda aka yanke hukuncin a ƙarƙashinsa. Ratcliffe ɗan yankin Manchester ne, a Failsworth aka haife shi, yana yawan faɗin cewa tun yana yaro yake goyon bayan United, ya girma yana kallon su Charlton da Best. Ɗaya ne daga cikin manyan attajiran Birtaniya, kuma a 2020 ya mayar da zamansa Monako inda haraji ba ya cizo. A ƙarƙashin mutum irin wannan ne aka zauna aka bi takardar kashe kuɗi layi-layi, aka sallami ma'aikata 250 a zagayen farko, aka mayar da tikitin yara da tsofaffi fam 66, har aka iso kan layin tsofaffin 'yan wasa ba a ji hannu ya yi nauyi ba.

Gyaran ba ya buƙatar kwamiti. A mayar da tallafin, a ninka shi, a ɗaure shi da wani kaso na abin da gidan tarihi da rigunan tunawa da zamanin da ke kawowa, ta yadda wani mai hannun jari ba zai wayi gari ya goge shi da biro ba. 'Yan wasan yanzu ma ba su fita ba, kyaftin ɗaya zai iya tara kuɗin nan a ɗakin sauya kaya kafin a gama ɗaure takalma. In kuma hukumar ta ce ko hakan ya fi ƙarfinta, to ta daina buga hoton Duncan Edwards a tallace-tallacenta, kuma in an tashi ƙaura zuwa sabon filin fam biliyan 2, a bar agogon Munich a inda yake.